Tulun Ladi Kwali ba ya sanyaya ruwa, amma yana da suna

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Yamai ke hana jariri barci, mun yi kwana biyu babu wuta a unguwarmu. Ruwan firigo ya koma kamar na wankan jego. Abin da ya fisshe mu shi ne randar da na saya a bakin titi jaka uku, na girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a gindin dogon yaro. Gwaggona, wadda ta zo mana daga Tawa ganin likita, ta ɗebo da moɗa, ta sha, ta yi ajiyar zuciya, ta ce: “Allah ya yi wa hannun da ya gina wannan albarka.” Muka ce amin. Babu ɗayanmu da ya san hannun wace ce.

Washegari na bi ta wurin matar da ta sayar min. “Inna, wa ya gina randar nan?” Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan wanda ya shuka geron da ke cikin furarta. “Ɗana, kayan Bubon ne. Ta fashe ne?” Ba ta fashe ba. Kayan Bubon ne, garin magina tukwane da ke kusa da Yamai, shi ke nan.

Duk wanda ke bin hanyar Konni ya taɓa riƙe takardar naira ashirin, ko da yake yanzu ko alewa da ƙyar take saye. A gaba Murtala Muhammed ne. A baya kuwa wata mace ce da ɗankwali, hannunta a kan tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa wajen 1925 a garin Kwali, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Ba ta yi boko ba. A hannun gwaggonta ta koyi gini, irin na matan Gwari: a ɗora curin yumɓu, mace ta sunkuya tana zagaya shi tana jan bango sama da tafin hannu, tana ƙara nannaɗaɗɗen yumɓu layi bisa layi, har tulu ya yi ciki ya yi wuya. Kafin ya bushe sai ta tsaga masa zane: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu, kowanne a cikin gidansa tsakanin layuka.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya fara tara tukwanenta a fadarsa. (Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau, sabon babban birnin ne ya karɓe sunan daga baya.) A fadar ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aikin inganta ginin tukwane, ya ga aikinta a 1950. Ya buɗe makarantar koyon gini a garin, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a cikin maza. Ta koyi aiki da faifan juyi, wanda ake ɗora yumɓu a kai yana juyawa ana gini, ta yi kwanuka da kofuna da butoci. Sai dai ba su ne suka kai ta duniya ba. Tulunan nan nata na hannu ne, da aka riƙa cusa wa zanensu farar ƙasa, a shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Aka baje su a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama’a, Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ƴar Kenya Magdalene Odundo, wadda yau tana cikin manyan maginan duniya, a Abuja ta zauna a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta.

Ga inda nake so mu tsaya mu duba. Randa tana sanyaya ruwa ne domin tana zufa. Gashin gargajiya, da kara da bushasshiyar ciyawa da kashin shanu a fili, ba ya toshe ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu. Ruwa yana tsattsafowa waje, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa jikin randa mai kyau yake da laima kullum, shi ya sa kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu. Tulun da aka shafa wa ƙyalli aka gasa ya zama tangaran ba ya zufa. Ya yi nauyin da mace ba za ta ɗora shi a ka zuwa rafi ba, ya yi tsadar da babu Bagwariyar da za ta saye shi. Wato ranar da tulun Ladi ya shiga ɗakin baje koli, ranar ya daina aikin tulu. Kyansa ya ƙaru, ban musa ba. Na ga hotunansu, kuma duk mai ido zai tsaya. Amma da Gwaggo ta sha daga cikinsa a watan Afrilu, ba addu’a za ta yi ba.

Wasu suna cewa Cardew ne ya yi Ladi. Wasu kuma, musamman matasanmu masu zafin kishi, suna cewa Bature ne ya ci da guminta. Duka biyun sun yi wa matar ƙaramar riga. Sarki ya san darajarta tun Bature bai zo ba, kuma da ta zo wurin Baturen ba ta yar da abin da gwaggonta ta koya mata ba. Tanderunsa ta ara. Abin da ta samu a makarantar nan wanda ba ta da shi a Kwali ƙarami ne ainun: hatimi mai haruffa biyu, LK, da ake danna wa a jikin tukunya tun yumɓu na ɗanye. A ganina wannan hatimin ya fi tanderun da ƙyallin tasiri. Da shi ne mai saye ya san abin da yake nema, da shi ne farashi ya bi hannun da ya yi aikin, da shi ne matan da suka biyo ta makarantar, irin su Halima Audu da Asibi Ido, su ma aka san su da sunansu.

Mu a nan muna da yumɓun, muna da hannuwan. Bubon na nan a bakin kogi, tafiyar da ba ta kai awa guda daga Yamai ba, kuma duk ranar Laraba kasuwarta cike take da randuna masu zanen fari da ja. Mirya ta Damagaram ta yi suna da tukwane tun kaka da kakanni. Gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu sana’a na Wadata suna karɓar baƙi, bikin baje kolin sana’o’in mata na SAFEM ma yana tara jama’a. Amma a je a tambayi ɗan boko goma a Yamai sunan maginiya ɗaya ta ƙasar nan. Za su faɗi sunan gari. Maginiya ta haƙo yumɓu, ta daka katanga ta gauraya, ta kwaɓa da ƙafa, ta gina, ta sha hayaƙi, sannan dillali ya loda a kwalekwale ko amalanke ya ninka kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da za a ce min. Ginin tukwane aikin dangi ne, uwa ta gina, ƴa ta yi zane, kishiya ta taya gashi, to sunan wa za a sa? Kuma a wurare da yawa sana’ar ta wasu gidaje ce da ake yi wa kallon raini, har ana ƙin auren ƴaƴansu. Wadda ake goranta wa sana’a ba lallai ta so a buga sunanta a kai ba. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ɓoye sunan bai taɓa rage gorin ba, ya dai rage kuɗin. In sunan mutum ɗaya ya yi wuya, a sa alamar gida, kamar yadda makiyayi ke yi wa raƙuminsa shaida kowa ya gane. Matan ma sun riga sun san hannun juna: maginiya takan ɗaga randa cikin ɗari ta ce wannan ta wance ce. Mai saye ne kaɗai aka bari a duhu.

Abin da nake tsoro shi ne wata ƙungiya ta ji labarin Ladi ta ɗauko rabin da bai dace da mu ba, ta kawo tanderun gas da ruwan ƙyalli ta ce za ta “zamanantar” da Bubon, a wayi gari ana gina kayan ado don ɗakunan otel, mu kuma mu koma shan ruwan bido mai warin roba. Ƙasar da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere, wutar lantarki kuma ba ta kai yawancin ƙauyuka ba, tana buƙatar tukunya mai zufa. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Da gashin kara aka yi wannan, ba da tanderun Ingila ba.

Laraba mai zuwa zan je Bubon da hoton randata a waya. Gwaggo ta ba ni turmin atamfa ta ce in kai wa mai ita, in an gane ta.