Jirgin katako ba tankar mai ba ne

To, tunda kun ƙi barin maganar fim ɗin nan na 'yan fashin teku, bari ni ma in tofa tawa. Ɗan'uwan da ya rubuto min cewa "ai haka yaƙin ruwa yake a da", ka yi haƙuri, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wai a harba igwa sau ɗaya, jirgi guda ya tashi da wuta kamar tankar mai ta kife a hanyar Kaduna. Haba jama'a!

Harsashin igwar wancan zamanin dunƙulen ƙarfe ne, ba ya fashewa. Manyan da ke jiragen Ingila sun kai kilo 14. Ya daki katako, ya huda, ya wuce. Abin da ke yanka mutane shi ne faskaren da ke tashi daga jikin jirgin, masu tsini, wasu tsawon hannu, a cikin ɗakin da hayaƙin albarushi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai. Mutanen ciki ke ƙarewa, jirgin yana nan bisa ruwa.

Ku duba yaƙin ruwa na Trafalgar, 21 ga Oktoba 1805. Nelson, kwamandan jiragen Ingila, da jirage 27, Faransa da Sifen da 33. Iska ta kwanta, tun da safe suna hangen juna, jiragen na jan ciki kamar tsoho zai je masallaci, sai tsakar rana aka fara harbi. An yi awanni ana ɓarin wuta. Jirgi nawa ya tarwatse? Ɗaya tak, Achille na Faransa, shi ma sai da gobara ta ci har ta kai rumbun albarushi. Ingila ko jirgi ɗaya ba ta rasa ba. Jirgin Faransa Redoutable kuwa, cikin mutum 600 da ɗoriya kusan 300 suka mutu, amma bai nutse ba sai washegari da guguwa ta taso.

Na san wani zai ce ai jirgin Faransa L'Orient ya fashe a yaƙin Abukir, a gaɓar Masar, a 1798. Eh, ya fashe, shi ya sa har yau ake labarinsa. Abin da ba a saba gani ba ne. Masu cewa "fim ne, nishaɗi ne" kuma, na ji, ku ci gaba da tafi.

Abin da ke damuna na gaskiya, wannan ƙwallon wutar ƙarya yana ɓoye wahalar da aka sha. Yara ƙanana ke guje-guje da albarushi zuwa wajen igwa. An watsa yashi a ƙasa don kada jini ya sa santsi. Can ƙasan jirgi likita na yanke ƙafa da zarto, ba maganin kashe zafi, mutum idonsa biyu. Wannan bai isa fim ba sai an ƙara fetur?

Shi kansa Nelson ba igwa ta kashe shi ba, bindiga ce aka harbo daga saman Redoutable. Gawarsa a gangar barasa aka jiƙa ta don kada ta lalace a hanya. Jirginsa Victory yana nan a Portsmouth har gobe. Ku da ke Ingila, don Allah wani ya je ya ɗauko min hoton ɗakin igwogin. Na ɗakin nake so, ba naka da tabarau ba.