Ciwon "Sai Na Samu"

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ƴan fadodin shayi na Tawa.

Daren jiya a fadarmu, tun daga ɗora buta har zuwa shayi na biyu, na zauna ina ƙirga sau nawa aka ce "sai na samu". Sai na samu babur in shiga kabu-kabu. Sai na samu bak, takardar gama sakandare. Sai na samu kuɗin mota in bar garin nan. Sai na yi aure. Da na kai goma sai na daina ƙirgar. Kowa ya ƙunshe farin cikinsa ya ba gobe ajiya, alhali gobe ta Allah ce. Ba dariya nake muku ba, ni ma ciwon ya ci mini shekaru.

Kamar yawancin ƴan Adar, na tafi bida Abijan ina saurayi. A kasuwar Ajame na yi talla, kaya a ka, gumi har cikin ido. Na sa a raina cewa ranar da na haɗa jaka ɗari biyar hankalina ya kwanta ke nan. Allah Ya nufa na haɗa. Na ƙirga su sau uku a ɗaki, na yi barci mai daɗi kwana biyu, a na uku zuciya ta ce ai miliyan ce kuɗi. Manzon Allah (SAW) ya riga ya gaya mana halinmu: da ɗan Adam yana da kwari guda na zinariya, da ya so na biyu. Zuciya ba a cika ta da awo, in ka zuba tiya sai ta buɗe buhu.

Bari in tona wa kaina asiri. Akwai hoton da na aiko gida lokacin, na jingina da wata farar mota, da tabarau da agogo. Motar ta wani Alhaji ce da ya shiga banki, tabarau na aro, kuma mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya, kowa jakarsa ce matashinsa. Wannan hoton ya hana wani abokina sukuni a nan Tawa har ya sayar da akuyoyin tsohuwarsa ya biyo ni. Yau ba sai an jira mai kawo wasiƙa ba, salula na aljihunku. Ka buɗe Facebook ko TikTok ka ga sa'anka cikin shadda, ka dubi silifas ɗinka, tuwon da ka ci da daɗi ɗazu ya koma maka garau-garau. Kana auna dukan rayuwarka da minti ɗaya da wani ya zaɓa ya nuna maka. Hadisi ya ce mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Salula kuwa na sama kawai take jera mana.

Darasin da ya fi zama mini a rai wurin kawuna na same shi, manomi ne a wajen Illela. Kun san faƙo, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwan sama ke gudu a kanta kamar kan siminti. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman wajen suka riƙi aikin tassa: da rani, rana na dukan ƙeya, mutum ya bi faƙon yana haƙa ƙananan ramuka, ya tara ƙasar a gefen gangare, ya zuba ɗan taki a kowane rami. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko in ya sauka ya tsaya a ramin ya shige, sai hatsi ya tashi inda ko ciyawa ba ta fitowa. Na taɓa tambayarsa: "Kawu, in kuma ruwan bai zo ba fa?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce: "Ruwa ba nawa ba ne, yaro. Rami ne nawa." Da magariba ya sha hurarsa, ya yi isha'i, ya kwanta yana minshari, ni mai lakwal, ɗan boko, ina juyi a tabarma.

Daga baya na ji cewa wani masanin falsafa Bagirke, Efiktetus, wanda ya yi zaman bauta a birnin Rum kusan shekara 2000 da suka wuce, a kan wannan ya gina koyarwarsa: ka rarrabe abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Niyyarka, ƙoƙarinka da halinka naka ne. Sakamako, maganar mutane da farashin buhu ba naka ba ne. Yawancin baƙin cikinmu a kan ruwan sama yake, ramin kuma ba mu haƙa ba.

To kada wani ya ce na ba shi lasisin zaman kashe wando. Wadatar zuci daban, mutuwar zuciya daban. Talauci gaskiya ne, wanda ya kwana da yunwa hatsi yake buƙata kafin wa'azi, kuma rashin aikin da ke damunku ba ƙirƙira ba ce. Ku nema, ku koyi sana'a, mai tafiya bida ya tafi da albarkar iyaye. Abin da nake ƙi shi ne ka hana kanka daɗin yau har sai an biya ka na shekara goma. Sannan wanda baƙin ciki ya danne makonni, ba barci, ba cin abinci, ba ya son ganin kowa, a raka shi likita, kada a tsaya ce masa imaninsa ne ya yi rauni.

Ku lura da addu'ar tsofaffinmu. Da wuya ka ji tsohuwa ta ce Allah Ya ba ka bene. Cewa take Allah Ya rufa asiri, Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya. Kusan abin da ya zo a hadisin Tirmizi ke nan: wanda ya wayi gari cikin aminci, jikinsa lafiya, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Mu da muka ga shekarar 2005, lokacin da fara da ƙarancin ruwa suka bar rumbuna wayam, mun san nauyin kalmar "abincin yini".

Jiyan nan, da aka zo shayi na uku, ƙaramin cikinmu ne ke haɗawa. Ya ɗaga buta sama, shayin na sauka siriri cikin kofi, ya juye, ya sake, har kumfa ta yi rabin kofin. Iskar dare ta fara sanyi, gawayi ya yi ja. Ya miƙa wa na kusa da ni, shi kuwa idonsa na kan salula, ya kurɓe a tashi ɗaya ya mayar da kofin. Na ce masa: "Ya ka ji shi?" Ya dube ni ya ce: "Me fa, Yaya?"