Alhaji da Direban Kwamfuta

Alhaji ya shigo rungume da laftof, yaronsa na biye yana share gumi.

ALHAJI: Mai gyara, an yi mini sata ido na ganin ido! Ma'ajiyar kwamfutar nan aka ɗauke. Yaron nan ya zo sa mini Windows 11, muka kai inda ake zaɓen wurin zubawa, fili fetal, ko layi ɗaya babu.

YARO: Wallahi Alhaji ko noti ɗaya ban kwance ba.

Mai gyara ya kunna, ya yi ta danna F2 har BIOS, wato shafin saitin injin, ta buɗe.

MAI GYARA: Ranka ya daɗe, duba nan. Ga ma'ajiyar taka, SSD mai giga 512, kwance lafiya lau. Inji na ganinsa, Windows ɗin da ke kan filashi ce ba ta gani.

ALHAJI: Au, makauniya ya ɗauko mini?

MAI GYARA: Lafiyarta ƙalau. Tunda har ta kai ku nan, TPM 2.0, abin tsaron da Windows 11 ke buƙata, a kunne yake, wanda a injin Intel za ka ga an rubuta PTT. Da a kashe yake, tun a bakin ƙofa za ta sallame ku. Matsalar daban ce. Furosesarka, wato ƙwaƙwalwar injin, Intel ce zubi na 11, kuma daga wannan zubin laftof da yawa na zuwa da VMD a kunne. Shi ke tsaye tsakanin SSD da inji, sai da direba ake wuce shi.

ALHAJI: Direba? Ai yana mota! Yaro, ruga ka kira shi.

MAI GYARA: Ba na sitiyari ba, Alhaji. 'Yar manhaja ce da ke yi wa Windows tafinta da kayan cikin inji.

ALHAJI: To ku ce tafinta mana. Ku 'yan boko ba ku iya raɗa suna ba.

MAI GYARA: Hanya biyu ce. Ko mu kashe VMD a nan BIOS, wata laftof ɗin kuma a sauya saitin ma'ajiya daga RAID zuwa AHCI, a ajiye da F10. Ko a shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin a sauke direban Intel RST, a warware shi a kan filashi, in an zo wajen da kuka maƙale a danna Load driver a nuna mata shi. Ta farko ta fi sauri, amma in akwai Windows da aka zuba VMD na kunne, kana kashewa za ta ƙi tashi. Tunda sabuwa za mu zuba, ba komai.

Ya kashe VMD, ya sake tayarwa da filashi. SSD ya bayyana, sai kuma ga gargaɗi a ƙasa.

ALHAJI: Yanzu kuma me take so? Goron gaisuwa?

MAI GYARA: Ta ce tsarin ma'ajiyar tsoho ne, MBR, injin kuma na zamani ne mai UEFI, sai sabon tsari GPT za ta karɓa. Wannan SSD ɗin ba da shi aka haife ta ba, ko?

ALHAJI: Daga tsohuwar na sa aka ciro, saboda hotunana.

YARO: Ashe dai an taɓa kwancewa.

ALHAJI: Kai, rufe mana baki!

MAI GYARA: Gyaran ba wuya. Shift da F10, baƙin allo ya fito, a rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk da lambarsa. A nan ake buɗe ido, a duba girma, kar a zaɓi filashin giga 8 a maimakon SSD. Sannan clean, sannan convert gpt.

ALHAJI: Yawwa, a share shi tas, dama ya yi ƙura.

MAI GYARA: Sharar nan har da hotuna take kwashewa.

Alhaji ya cafke hannun mai gyara kamar ya kama ɓarawon waya.

ALHAJI: Kul! Shekara goma na hotuna!

MAI GYARA: Shi ya sa ban danna ba. A baƙin allon nan za mu rubuta notepad, mu shiga wajen buɗe fayil, mu zaɓi a nuna duka fayiloli, mu kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa wata ma'ajiyar waje. Ba ya nuna yadda aikin ke tafiya, sai haƙuri.

Aka kwashe, aka share, aka zuba. Can sai Windows ta tsaya tana neman intanet, ga jerin wayafai wayam.

ALHAJI: To, shi ma wayafai an sace?

MAI GYARA: Direbansa ne babu.

ALHAJI: Wani direban kuma? Wai motoci nawa ne a cikin abin nan?

MAI GYARA: Allo da nasa, sauti da nasa, har wurin shafa yatsa. Laftof ɗin ba ta da ramin igiyar intanet, don haka a jona waya da igiyar USB, a kunna raba data ta igiya a cikin saitin wayar. Da ta samu intanet, Windows Update za ta kwaso yawancin direbobin da kanta. Sai dai tana shan data ba da wasa ba. Kawo wayarka, Alhaji.

Alhaji ya zura hannu aljihu, ya tsaya, ya fito da shi ba komai.

ALHAJI: Yaro, kai ka fara aikin nan. Miƙo taka.