Babur ɗin ƙanƙara ba Bajaj ba ne: shokazoba a gyara, boris a jefar

Duk Bahaushen da zama ya kai shi Minesota a Amurka ko Kebek a Kanada, da hunturu ya kama zai ga wani babur marar taya: gabansa sanduna biyu masu sulɓi, bayansa faffaɗan bel na roba mai haƙora. Samfurin Polaris a garin Roseau na Minesota ake ƙera shi, samfurin Ski-Doo kuwa a Valcourt na Kebek, inda kamfanin Bombardier ya fara fitar da shi a 1959. Wanda ya san aikin babur a gida zai gane shi da wuri. Sai dai a ɗabi'un garejinmu akwai wadda ya kamata ya riƙe, akwai wadda ya kamata ya baro a Kano.

Ta riƙewa ita ce ƙin jefar da abin da ke gyaruwa. A cikin bel ɗin akwai firam na alminiyam ɗauke da ƙananan tayoyi masu boris da bel ke bi ta kansu, da shokazoba biyu, ta tsakiya da ta baya. Mutanen nan da yawa ko dai su ƙyale su har mashin ya riƙa dukan ƙasa a kowane gargada, ko su sayi sababbi da ɗan karen tsada. Alhali irin su Fox da Walker Evans don a buɗe su aka yi su. Ruwa ne ke kashe su: dusar ƙanƙara ta narke a jikin sandar, ta bi ta sil, man ya yi fari-fari, in sanyi ya tsananta kuma ya daskare. Wajen gyara, sai a fara sakin iskar da ke matse cikin shokazobar gaba ɗaya, don buɗe ta da iska a ciki ganganci ne. A zubar da man, a canza sil da zobban roba, a saita fistan da ke raba mai da iska a zurfin da littafin mashin ya faɗa, a zuba sabon mai, a cika da nitirojin, galibi wajen psi 200 a ma'aunin matsin iska. Iskar mai faci ba za ta yi ba, damshin cikinta shi ne cutar da ake gudu. Shokazobar da aka rufe bakinta da walda ita ce kawai ta canji.

A kan boris kuwa na raba gari da bakaniken gida. Mun saba a wanke shi da fetur, a cusa giris, a mayar. A titin Zariya in ya watse, ka tura babur kaɗan ka sami mai gyara. A dajin Kebek, da sanyin digiri 25 ƙasa da sifili, ba mai gyara, wani wurin ma ba sabis na waya. Boris ɗaya ya cije, ƙaramar tayar da ke kansa ta tsaya, ta fara cin bel, kuma kuɗin bel ya ninka na boris ɗin duka sau da yawa. Tunda an sauke firam, a canza su kaf. Lambarsu iri ɗaya ce a duk duniya: 6205 raminsa milimita 25, faɗinsa 52, kaurinsa 15, 6004 kuma 20 da 42 da 12. A duba lambar jikin tsohon, a sayi mai murfin roba gefe biyu, wato 2RS.

Sauke firam ɗin ba wuya. A ɗaga bayan mashin, a sassauta kusoshin gatarin baya da masu ɗaure bel. Dogayen sifirin na gefe a sauke su daga mazauninsu a hankali, da fuska nesa, suna da ƙarfin fasa haƙori. Kusoshi huɗu ne galibi ke riƙe firam da jikin mashin, kuma nan ake shan wahala: in ka cire na dama gaba ɗaya, sandar tsakiya sai ta riƙa juyawa da na hagu. Ka karya ƙarfin ɗaya, ka ɗan sake ɗaure shi, sannan ka koma ɗayan. Ɗauki hoto kafin ka warware komai.

Wajen sa sabon boris, a cire kilif, a fitar da tsohon, a tura sabon ta zoben waje kaɗai da soket daidai girmansa. Guduma a zoben ciki tana lotsa hanyar ƙwallayen tun bai fara aiki ba. A duba robar da ke ƙarƙashin firam ma, tana da layin da ke nuna ta cinye. Giris na sanyi za a sa a sandunan firam, na mota yana ƙanƙarewa. Kusoshi kuma a ɗiga musu shuɗin Loctite, gam mai hana su kwancewa, a ɗaure da sifanar awo.

Saura ɗaurin bel. A Ski-Doo da yawa, in an danna tsakiyarsa da nauyin kilo 7.3 zai sauka milimita 30 zuwa 35, amma kowane samfuri da nasa awon. In ya yi tsauri zai cinye sababbin boris da robar, in ya yi sako-sako haƙoransa su riƙa tsallake. A tayar da inji bayan mashin na sama, ba kowa tsaye a baya, a bar bel ya zagaya a hankali, a kashe, a auna tazarar hagu da dama har su zo daidai.