Wai a rushe Gidan Ɗan Hausa a gina shaguna

Jiya wani bawan Allah ya rubuta cewa a rushe Gidan Ɗan Hausa da ke Kano a gina shaguna. Wai gidan laka ne, ya tsufa, fili ya yi tsada a Nasarawa. Madalla da wannan basira! Saura mu sayar da badala kwando-kwando, mu huta gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mutumin bai ma san gidan da yake magana a kai ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, haifaffen Basel ne a ƙasar Siwizalan. A 1906 ya keto Sahara da ayari daga Tarabulus har Barno. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Bature ne mai muƙami a gwamnatin mulkin mallaka, da ya ga dama da an yi masa gini irin na garinsu. Amma a ina ya zauna, shi da matarsa Isabelle? A wannan gidan ƙasa da ake cewa a rushe. Ginin maginan Kano.

Ginin maginanmu, jama'a. Tubali aka jera, aka ɗaure rufi da azarar giginya wadda gara ba ta ci, aka yi ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa kamar baka, aka fitar da zanko a saman soro, aka ƙawata bango da zane. Ku shiga ciki a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke narkewa a waje. Kaurin bangon nan ne ke tare zafin rana, sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Mu kuma da muka waye, mun koma bulo da kwano, da zarar an ɗauke wuta sai kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida yana fifita da kwali.

Na san za a ce ai ɗan mulkin mallaka ne, me ya sa za mu adana gidansa. To shi ya kwaɓa ƙasar? Shi ya ɗora azarar? Hannun kakanninmu ne a jikin bangon nan, Bature zama kawai ya yi ya tafi. Wani kuma zai ce laka sai an yi ta yaɓe duk bayan damina. Eh, sai me? Motarka ba ka kai ta wajen bakanike?

Maganar gaskiya, tsoro nake ji. Maginan da suka iya ɗaurin guga ƙarewa suke yi, 'ya'yansu sun koma birkila. Ranar da irin wannan gida ya faɗi, ko da kuɗi a hannu sai an sha wuya kafin a sami mai tayar da shi.

Af, na kusa mantawa. Vischer ɗin nan shi ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Shi kuwa mai son a rushe gidan, ga irin rubutunsa: "xan", "xuwa", "aqwai".