Kogi cike da kifi, mu kuma an ce mu naɗe raga

Wallahi abin da ake yi wa masu kafa raga a gaɓar gabas ta Cook Inlet, wani lungun teku a nan jihar Alaska ta Amurka, ya wuce a kira shi doka, rainin wayo ne kawai. Kifi na shigowa miliyoyi, kana tsaye a bakin teku kana ganinsa yana tsalle da idonka, amma wai kada ka kuskura ka jiƙa raga. A 2023 sizin ɗin gaba ɗaya aka rufe, ko awa ɗaya ba a ba mu ba, 2024 ma aka sake cewa mu haƙura, kai ka ce haƙuri ake kai wa mai gidan haya a ƙarshen wata.

Ga wanda bai san aikin ba, ragar nan kafe ta ake yi wuri guda kusa da gaɓa, igiyar sama na iyo, ta ƙasa da dalma, kifi ya taho zai nufi kogi ya zura kai ya maƙale. Abin da muke nema jan salmon ne, wanda suke ce wa sockeye, shi ne ke tururuwa zuwa kogin Kenai da na Kasilof a watan Yuli. Kuma kada wani ya ɗauka da can sakaka muke yi. Tun 1973 aka ƙayyade lasisin, ba a bugo sabo, sai dai ka saya hannun wani da kuɗi masu ciwo. Raga ɗaya ba ta wuce gaba 35, kamar mita 64 kenan, lasisi ɗaya raga uku, idon raga kada ya wuce inci 6, tsakanin ragarka da ta maƙwabcinka ƙafa 600, daidai inda kogin ya faɗa teku kuwa an shata iyaka ba ka isa ka matsa ba. Ranaku ma Litinin da Alhamis ne, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, in za a ƙara ko a rage sai ka yi ta buga wani layin waya kana sauraron sanarwar da aka naɗa, wani lokacin da dare za ka ji wai gobe da asuba ne, ka tashi yara ka duba inji ka lissafa yaushe ruwa zai cika yaushe zai janye, don tekun nan hawa da saukarsa ya fi ƙafa 20. Duk mun bi. Aka zo aka ce a rage zurfin raga daga ido 45 zuwa 29 wai don babban kifi ya wuce ta ƙasa, mutane suka yanka ragunansu da hannunsu. Aka ce a rage yawan ragar, aka rage. To me kuma ya saura?

Duk rigimar nan a kan kifi ɗaya ce, wani nau'in salmon da ake ce wa king. Shi ne ƙaton, shi ne abin alfaharin Kenai, a nan Les Anderson ya kama mai fam 97 da ɗoriya a 1985 da ƙugiya, kusan kilo 44, har yau ba a karya tarihin ba. King ɗin ya ragu, wannan ba wanda ya musa, ni ma ba na so ya ƙare. Akwai na'ura a cikin kogin wajen mil 14 daga mashigarsa tana ƙirga manyan da suka kai santimita 75, a 2020 aka ce sai an samu 15,000 zuwa 30,000 sun wuce su zuba ƙwai, a 2024 aka mayar da ƙasan 14,250, in hasashe ya nuna ba za a kai ba to a rufe raga. Shi kenan fa. Kifin da cikin ɗari da ƙyar ka ga ɗaya a ragarmu, shi ke yanke hukuncin ko za mu ci abinci ko a'a.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Jan kifin da tsarin hukumar kifi ta jihar ke so ya haura Kenai, ko a shekarar da kifi ya fi yawa, iyakarsa miliyan 1.6 ne. A 2023 sama da miliyan 2 suka wuce. Kasilof kuwa abin ma ya fi ban haushi, 370,000 ne ƙarshen abin da ake nema, sama da 900,000 suka shige, ninki biyu da rabi. Su da kansu ne fa suka rubuta cewa ga adadin da kogin ke buƙata, amma duk shekara ana tsallake shi kuma ba wanda aka tuhuma, in mu ne muka tsallake layi da taku ɗaya tara ce da kotu.

Kuma ba wai an hana kowa ba ne, nan ne zuciya ke tafasa. Jiragen da ke sakin raga tana bin ruwa a tsakiyar teku suna fita abinsu. Na yarda su ba su cika haɗuwa da king ba kamar mu na gaɓa, ban ce a rufe su ba, Allah ya ƙara musu. Masu ƙugiya ma an hana su king, gaskiya ne, amma mai kai baƙi yawon kamun kifi ya juya ya kai su kamun jan kifi ko wani, kuɗinsa na shiga, otal na cika, mu namu sifili ne. Sannan daga 10 zuwa 31 ga Yuli je ka ga mashigar Kenai, mutanen birnin Anchorage sun yi dafifi da motoci da tantuna da kuloli, kowane magidanci mazaunin jihar an ba shi kifi 25, kowane mutum ɗaya na gidansa ƙarin 10, suna cika firiza. Haƙƙinsu ne, halal ɗinsu. Amma ka tsaya ka ga mutumin da kakansa ya fara kafa raga a wannan yashin yana zaune kan tarakta yana kallonsu, kwale-kwalensa a kife, ka ce min wannan adalci ne.

Da ƙorafi ya yi yawa sai aka ce to an ji, a 2024 an yarda mu kama na sayarwa amma da ragar hannu, mai baki zagaye da doguwar sanda, kusan homar da ake shiga ruwa da ita a Argungu. Haba jama'a. Can gasa ce ta yini ɗaya, nan kuma mutum ne da bashin banki da ma'aikata. Ka tsaya cikin ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara har ƙirji, ko ka jingina a gefen kwale-kwale igiyar ruwa na jijjiga ka, kana ɗago kifi ɗaya-ɗaya, kafaɗa kamar za ta cire, ranar da iska ta taso ma ko gwadawa ba ka yi. A cikin kogi abin na ci don kifi ya matsu wuri guda, a faɗin teku ina za ka tare shi? Maigidan da nake wa aiki dattijo ne, ya gwada, kuɗin mai ma bai fito ba.

Mu yaran aiki kuwa ba albashi ake ba mu ba, kaso ne daga abin da aka kama. Ba a kama ba, ba ka da ko sisi. Ga lasisinka na aiki ka riga ka biya, ga takalman ruwa da rigar roba, ga aikin da ka ajiye a gari don sizin. Shi ma maigida bai tsira ba, kuɗin sabunta lasisi na nan, hayar filin gaɓa da yake biyan jiha na nan, raga na ruɓewa a sito, injin da ba a tayarwa shi ma lalacewa yake. Wai an ayyana abin a matsayin bala'i za a ba da tallafi daga tarayya, eh ana ayyanawa, tun 2012 ake yi, amma kuɗin sai ya shekara da shekaru kafin ya iso, lokacin wasu sun sayar da komai sun bar garin.

Abin da nake so wani ya amsa min shi ne, in ragarmu ce ke kashe king, ya aka yi bayan an ɗauke ta gaba ɗaya bai dawo ya cika kogin ba? Ya aka yi ya ragu a kogunan Yukon da Kuskokwim, inda ko ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba, har Alaska da Kanada suka sa hannu a 2024 a dakatar da kama shi a Yukon shekara bakwai? Matsalar tana can cikin babban teku, kifin na dawowa ƙanana kuma kaɗan, kowa ya sani. A Satumbar 2024 manyan jirage biyu masu jan taru a wajen tsibirin Kodiak suka kwaso king kusan 2,000 cikin kamun wani kifin daban. Za a ce ai yawancinsu ba 'yan Kenai ba ne, to na ji, amma su an ba su adadi ne aka ce in kun kai nan a tsaya. Mu me ya hana a ba mu namu adadin? A ce ga king kaza, ku kama jan kifinku, kuna cikewa ku fito. Ko a tsaya tsayin daka kan tarun da ake ja zuwa gaɓa wanda aka gwada a 2024, da shi ana iya sakin king da ransa.

In kuma an riga an yanke cewa ba a son raga a gaɓar nan, a fito a faɗa a biya mutane. An taɓa yunƙurin haramta ta da ƙuri'ar jama'a, kotun ƙolin jihar ta yi watsi da shi a ƙarshen 2015. Ƙudirin saye lasisin daga hannun masunta ya sha zuwa majalisa a Juneau, babban birnin jihar, yana mutuwa a can. Ba a saya ba, ba a bari an yi aiki da shi ba, wa zai sayi lasisin da ba a kamun kifi da shi, amma takardar biyan kuɗin sabuntawa ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya.