Kafin Ku Sayo Wa Tsoho Keke, Ku Auna Shi

'Yan uwana matasa, ga wani abu da ke yawan faruwa a ƙauyukanmu na Jigawa. Hawan jini ya kayar da dattijo ɓarin jikinsa ya shanye, ko ciwon suga ya sa an yanke wa gyatuma ƙafa. Samari su yi karo-karo, a shiga Kano a sayo keken guragu, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata biyu ka leƙa gidan, keke na jingine a bayan rumbu kaji na kwana a kai, tsoho yana nan kan tabarmarsa. Niyya ta yi kyau, amma ba a tambayi masu sani ba.

Ba kowane mara lafiya ke buƙatar keke ba. Ku fara kai shi sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko Asibitin Ƙashi na Dala, a duba shi. Wani sanda ta ishe shi, in kuka dasa shi a keke ƙafar da ke shirin dawowa sai ta sandare. Sandar ta zo masa daidai wuyan hannu idan ya miƙe, a sa mata roba a gindi, ya riƙe ta a ɓangaren da ke da lafiya. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu kuwa na mai ƙarfin hannu biyu ne, bai dace da mai shanyewar ɓarin jiki ba.

In keken ne, ku zaunar da shi a benci ku auna faɗin ƙugunsa. Mazaunin kada ya wuce haka da fiye da yatsa biyu a kowane gefe. In ya yi faɗi, zai riƙa karkacewa ta wajen da ya shanye, in ya matse kuma ya goge fata. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar yatsa uku. Ƙasarmu rairayi ce, siraran tayoyin gaba nutsewa suke yi, don haka ku nemi masu faɗi. Ga tsidau da ƙaya, ko dai ku zaɓi tayar roba marar iska, ko ku haɗo da famfo da kayan faci.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne gyambon zama, wato ciwon da ke fitowa a fata saboda daɗewa a zaune ko a kwance wuri ɗaya, kuma yana kisa. A sa soso mai ƙwari mai kaurin inci 4 a mazauni. Kowane minti 30 a ɗaga tsohon ko a karkata shi kaɗan, in yana kwance a juya shi duk bayan awa 2. Safe da dare a duba ƙashin zama, ƙugu da diddige. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, wurin duhu yake ƙarawa, ya yi zafi ko tauri. Da kun ga haka ku ɗauke nauyi daga wurin, ku je asibiti. Kada a bar shi cikin danshin fitsari.

Gidan ma sai an gyara, kuma aikin gayya ne na yini ɗaya. Dokin ƙofa mai tudun inci 6 yana buƙatar gangara mai tsawon ƙafa 6. A faɗaɗa ƙofar ɗaki ta kai kusan ƙafa 3, kafinta ya yi kujera mai huda a ɗora kan masai, mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa. Kafin a ɗaga tsohon a danne birkin keken, kuma don Allah kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar gocewa take yi.

Kada kuɗin su ƙare a kan keke. Maganin hawan jini da na suga kullum ake sha, in aka daina ciwon na iya sake bugowa. Da kaka ku tara tiya-tiya ta gero ko riɗi, mutum biyu amintattu su riƙe lissafi a rubuce da sanin liman ko mai unguwa. Ku raba kwanaki, a san mai tura shi masallacin Juma'a da mai kai shi majalisa da yamma, domin Iya ko ƙanwarku da ke jinya dare da rana ta samu ta runtsa. Hotonsa kuma kada ya shiga Facebook da sunan neman taimako sai da yardarsa.